Layin Tsakiya a Bargon Kulu

Kulu, ɗiyata,

Assalamu alaikum. Ina fatan mota ta sauke ki lafiya, kayanki ba su salwanta ba, kin kuma samu ɗakin da aka ce za a ba ku. Allah ya tsare ki a hanya da masauki, ya haɗa ki da mutanen kirki a Jos, ya sa ki gama bautar ƙasar nan ki dawo mana da ƙafafunki. Babanki yana gaishe ki. Gwaggo Hajo ma haka, da Maman Rahila.

In kina karanta wannan, kin kai ƙasan jakarki ke nan, kin kuma ga ƙunshin da na cusa ƙarƙashin garin kunu ban gaya miki ba. Kada ki kwance shi tukuna, karanta ki gama. Na san za ki ce me ya hana in yi miki saƙon murya kamar kowa. Na gwada. In na danna abin nan na fara magana, ko dai yatsana ya zame saƙon ya tafi rabi, ko in saurara in ji muryata ta koma ta faɗa alhali ba faɗa na nufa ba. Gaba da gaba kuwa, kafin in kai tsakiyar zance kin ce "Na gane, Inna," idonki na kan waya. Shi ya sa na ɗauki biron da nake rubuta awo da shi na zauna a kan teburin keken ɗinki.

Ba labarin gida zan ba ki ba, jiya-jiya kika bar shi. Abin da ke cikin ƙunshin bargon tsumma ne da ba a ɗinka ba. Hawa huɗu ne, mun shimfiɗa, mun daidaita, mun kama gefunan da dogon ɗinki don kada su zame. Akwai ƙaramar basilla da jan zare a naɗe a ciki. Abin da ya rage kafin mu fara shi ne layin tsakiya, kuma kin sani, ko kin taɓa sani, cewa ba mai yin wannan layin sai mai bargon.

Ban taɓa zaunar da ke na gaya miki dalili ba, to ga shi. Mutanenmu tun suna gungu, wato tsibiri a tsakiyar kogi, kafin ruwan dam ya tashe su ya kawo su wannan gaɓar, ba sa yar da zane don ya tsufa. A tara, a wanke, a shimfiɗa wani kan wani, mata huɗu su zauna kowace a gefe guda su yi ta ɗinki da hannu har ya zama abu mai kauri da masunci zai lulluɓa da shi a cikin jirgi lokacin ɗari. Daga tsakiya ake farawa a yi waje, don in aka kama daga baki ƙyallen zai taru a ciki ya yi tozo. Layin farko kuwa, na tsakiyar, mai bargon ke yi, namiji ne ko mace, ya iya ko bai iya ba. Mazan da ba su saba da allura ba sukan yi da zaren taru, su caka nan su caka can su miƙe abinsu. Duk yadda layin ya fito, shi sauran za su bi. In ya karkace, bargon duka ya ɗan karkace, kuma haka za a bar shi.

Kakarki ta ce a tungar masunta barguna kan cakuɗe, duk atamfar kasuwa ɗaya ce, amma kowa ya buɗe tsakiya ya san hannunsa. Ta kuma ce lokacin da jirgin yayanta ya kife tana yarinya, shi ba a gan shi ba, bargonsa aka tsinta ya maƙale a ciyawa can ƙasa. Da aka kawo, uwarsu ba ta dubi launi ba, tsakiya ta buɗe. Sau ɗaya ta ba ni wannan labarin, tana tsintar shinkafa, ba ta ƙara ba.

Ni dai a lokacin abin bai dame ni ba. Ina budurwa aka kai ni Yelwa wajen wata tela na koyi keke, na dawo Wara ina jin daga nan har Shanga ba wanda ya kai ni wayewa. Yadda kike kallona in ina laluben inda ake kashe fitilar waya, haka nake kallon kakarki da basillarta. Mata huɗu su share makonni a kan abin da ƙafata ɗaya za ta gama kafin la'asar? Da aka yi aurena da babanki aka sayo mini keken nan da har yau muke ci da shi, sai na ce bari in nuna musu. Na tara zannuwa, ban jira kowa ba, ban ba shi basilla ya yi layinsa ba, na kama daga baki na yi ta taka keke. Kafin la'asar ɗin kuwa na gama. Layuka miƙaƙƙu, ba wanda ya kauce. Na naɗe na kai wa kakarki don ta gani.

Ta juya shi, ta ja nan, ta ja can, ta ce, "Ya yi kyau. Na wa na?"

Na ce na maigidana ne.

Ta ce, "Ina hannunai?"

Na ce ai keke ba ya bukatar hannun kowa.

Ta ce, "To. Ruwa za shi hwaɗa maki." Ta miƙo mini abina.

Keke yana huda ƙyalle kusa da kusa, yana kuma ɗaure zare tam. Sabon yadi yana ɗauka. Tsohon zane da ya sha wanki ba ya ɗauka. Bai daɗe da fara fita da shi ba igiyar ruwa ta jiƙa shi, babanki ya matse, sai ya tsage bi da bi a kan layukan nan nawa masu kyau. Ya mayar da shi abin rufe injin jirgi, ya koma wa tsohon bargon da uwarsa ta yi masa. Shekaru ina wucewa bakin ruwa ina ganin aikina a kan inji, ya sha baƙin mai.

Ba cewa nake keke mugun abu ne ba. Da shi na ɗinka miki kayan makaranta, da shi aka yi karatunki. Kuskurena shi ne na ga jinkirin matan nan na ɗauka rashin kayan aiki ne kawai, ban tambayi abin da jinkirin yake yi ba. An ce makaranta za a tura ki ki koyar da kwamfuta. Za ki tarar da mutane suna yin abubuwa ta doguwar hanya. Wata doguwar hanyar wauta ce zalla, ki gajarta musu, Allah ya ba ki lada. Amma kafin ki taɓa, ki tambayi wanda ya fi daɗewa a wurin me ya sa ake haka, ki kuma tsaya ki ji amsar har ƙarshe ko da ya yi ta kewaye-kewaye. In ya ce bai sani ba, haka ya tarar, to ki gwada sabuwar hanyarki a kan ƙaramin abu tukuna. Ni da zannuwa masu kyau na gwada, har da na lefena a ciki.

Kuskurena na biyu ke ya shafa, kuma ina jin kina tune da shi ko da ba mu taɓa zancensa ba. Kina aji uku a firamare muka shimfiɗa miki bargo. Lokacin na riga na sauko, na koma zama gefe guda tare da kakarki, da Gwaggo Hajo ƙanwarta, da Maman Rahila maƙwabciyarmu, wadda ta koya a wajensu tun zuwanta unguwar. Aka ba ki basilla, kika zaɓi jan zare da kanki. Kin daɗe a kai, harshe a waje, ki soki yatsa ki tsotse ki ci gaba. Layin ya fito kamar sawun kaza a kan taɓo. Wani ɗinkin ya kai tsawon yatsa, wani ƙwayar gero. Ya taso daga tsakiya ya nufi gabas, ya fasa, ya koma kudu. Kakarki ta duba ta ce madalla, gobe sai mu bi.

Ni kuwa abin ya tsaya mini a rai. Ni ce telar unguwa. Matan da ke kawo mini ɗinkin salla za su shigo su ga bargon ɗiyata a shanye a igiya, duk layukansa sun bi karkace. Da safe kina fita makaranta na ɗauki reza na warware shi tas, na sake yi da jan zaren nan dai, na ɗan karkata shi kaɗan don kada ki gane. Har ina yaba wa kaina dabara.

Kika dawo, ko jaka ba ki ajiye ba kika je kika buɗe. Kin jima kina kallo. Sannan kika ce, "Wanga ba nau ba na."

Na ce naki ne mana, gyara kawai na yi.

Kika ce, "To." Kika ninke shi yadda kika same shi, kika tafi wajen abinci.

Ba ki yi kuka ba. Da kin yi, da na lallashe ki an wuce wurin. Tun ranar ba ki sake ɗaukar allura ba, ko maɓallin rigarki ya cire sai ki ajiye mini a kan keke. Na yi ta gaya wa mutane Kulu ba ta da hannun ɗinki, 'yar boko ce. Ba gaskiya ba ne. Ban san ko kina da shi ko ba ki da shi ba, don ban bari an gani ba.

Da kakarki ta zo ta zauna gefenta ta ga layin, ta ɗago ta dube ni ta ce, "Ke kinka yi wanga?"

Na ce na yarinyar ya yi muni da yawa.

Ta ce, "Wa yac ce maki kyau aka biɗa? Yanzu bargo biyu gare ki, ɗiyarki ba ta da ko guda."

Ta dai ɗinka, don ba ta barin aiki a shimfiɗe, amma har aka gama ba ta yi hirar da ta saba ba. Shi ne bargon da kika yi ta kwana a ciki har kika tafi jami'a. A ƙa'idar gidanmu, aro kika yi ta yi.

Ba tsufa ne ya tuno mini da wannan bana ba, ke kika tuno mini. Da kika kawo mini wayar nan ta shafawa, na ce ki nuna mini yadda zan tura wa mai kayan Kontagora hoton atamfar da nake so. Na fara, na danna inda ba nan ba, na koma, na sake. Kika ce, "Kawo, Inna, kawo in yi maki," kika zare ta daga hannuna, yatsunki suka yi abin da suka yi, kika miƙo mini an gama. Haka aka yi gobe, haka aka yi jibi. Saƙon da na zauna na rubuta wa ƙanwata da kaina, na tarar kin bi kin gyara shi kafin ki tura, wai na haɗe kalmomi. Ya fi kyau, ban musa ba. Amma na karanta shi na ji ba ni ba ce. Na zauna da wayar a cinya raina a ɓace, ina shirin in ce yaran yanzu ba su da haƙuri, sai na tuna a wajen wa kika koya.

Don haka ga shawara, wadda ni ban bi ba sai yanzu da ba ta da wahalar bi. Yaran da za a ba ki, wasunsu ba su taɓa sa hannu a kan kwamfuta ba. Za su yi ta lalube, hannunki zai yi ta ƙaiƙayi. Ki zauna a kansa. In aikin ya yi muni kuma dole a gyara, ki gyara a gaban mai shi, ki ce ga inda ka kauce, ki bar shi ya sake da hannunsa. Kada ki bi bayansa ki gyara a ɓoye sannan ki ce masa nasa ne. Yaro yana gane hannunsa komai ƙanƙantarsa. In kuma wani babba a wurin ya yi miki haka, ki same shi cikin ladabi ki ce ya nuna miki inda kika kauce. Kada ki ce "to" ki ninke ki tafi. Na san wannan "to" ɗin naki, yana daɗewa.

Na uku shi ne na bidiyo, a nan kuwa ke ce da gaskiya tun farko. Hutunki na farko daga jami'a kika zo da waya kika ce za ki ɗauki kakarki tana ɗinki, tun daga shimfiɗa har kalmasa, ki ajiye. Na hana. Na ce ba za a ɗauki uwata a zaune cikin tsummokara a watsa wa duniya ana dariya ba. Na ga irin abin da ake yi da tsofaffi a wayoyin nan, a sa su magana a ɗora kiɗa a kai. Kika ce ba watsawa za ki yi ba. Na ce haka kowa ke cewa. Ita kuwa mai abin ban tambaye ta ba, ashe so take. Bayan kin koma makaranta ta ce mini, "Ina ɗiyag ga da madubinta? Ta ce za ta ɗauke ni, har na sa an wanke mani kallabi."

Na yi niyyar in kin dawo in ce ki ɗauka. Hutun da ya biyo baya kika tsaya koyon aiki a Birnin Kebbi. Na bayansa kuma hannunta ya riga ya fara rawa, ta daina zama gefe. Abin da ya rage mana shi ne ɗan guntun nan da kika sata ta taga ranar da na hana ki, wanda ko fuskarta bai kama ba, hannu ne kawai da ƙyalle da kukan akuyar Maman Rahila.

Bayan rasuwarta, da masu ta'aziyya suka ragu, kika zauna kusa da ni kika kunna shi, kika yi masa wani abu ya riƙa tafiya a hankali. A nan na ga abin da ban taɓa gani ba. In ta yi ɗinki kaɗan, kafin ta ja zaren sai ta sa babban yatsa ta murza ƙyallen baya, ta sake shi. Da ido ba a kamawa, sai ka ce hutawa take. Ashe sassauta zaren take yi, tana bar masa wuri, don in bargon ya jiƙe ya kumbura kada zaren ya yanke shi. Shekara da shekaru gwiwata na gugar tata ban lura ba, ita ma ba ta faɗa ba, ina jin ba ta san tana yi ba. Na tambayi Gwaggo Hajo, ta rantse ita ba ta yin haka. Na sa ta ɗinka a gabana, ga shi tana yi. Ashe shi ya sa a kowane bargo gefena ke fara mutuwa, ni kuwa ina ta ɗora laifin a kan zaren zamani.

Ranar da kika kunna shi, cewa kawai na yi ki kashe kada caji ya ƙare. Da kika fita na shiga ɗaki na yi kuka, rabi don ita, rabi don haushin kaina, don da na bar ki da yanzu muna da kalmasarta ta kusurwa, wadda ba wanda ya iya irinta. Gwaggo Hajo tana yin tata, mai kyau ce, amma ba ita ba ce. Waccan ta tafi ke nan.

To ki riƙa ɗauka. In kika ga tsoho yana wani aikin hannu a can, ki nemi izininsa shi kansa, ba na 'ya'yansa masu jin kunya irina ba. In ya yarda ki ɗauka, in ya ƙi ki bari. Guntun nan na kakarki kuma ki ajiye shi wuri fiye da ɗaya. Kin ce yana sama, ba ya ɓata. Ban san saman ba. Na dai san tsohuwar wayar babanki tana ƙasan ruwa tsakanin Wara da tsallake, da hotunan bikin yayarki duka a ciki. Ki tura wa yayar taki, ki tura mini, sannan ki kira ni ki gaya mini inda zan same shi, da baki, hannuna a kan wayar, ko da zai ɗauke mu yini guda.

Sai dai akwai abin da na lura da shi bayan na yi ta kallon guntun. Hannu ɗaya ya kama, na dama. Na hagu yana ƙarƙashin bargon, kuma shi ke rabin aikin. Shi ke jin bakin basilla ta fito, ya san ko ta ratsa hawa huɗun ko uku ta kama, ya mayar da ita sama. Ba wayar da za ta shiga can, in ma ta shiga ba abin gani, abu ne da fatar yatsa ke ji. Ni ma ba zan iya rubuta miki shi ba, na gwada a wata takardar na yage. Sai basilla ta yi ta sukar yatsan yake koya. Ban faɗi haka don in rage wa wayarki daraja ba. Ta ga abin da na kasa gani da idona biyu, wannan ɗin ne dai ba ta kai ba.

Yanzu ga inda muke. Wurin zama huɗu ne, mu uku ne. Tun da kakarki ta daina zama muke ɗinka gefe uku sannan mu juya bargon wata ta yi na huɗun. Yana fitowa, amma yana ɗan ja gefe. 'Yan matan unguwa ba mai so, kuma ban ga laifinsu ba. Ga bargon kanti nan a kasuwar Yauri, mai laushi, mai hoton damisa, irin wanda kika sayo kika sa a saman jakarki. Masunta ma yanzu rigar sanyi ta gwanjo suke sawa su ɗora leda a kai. Ba na cewa duniya za ta tashi in an daina bargon tsumma. Abubuwa da yawa sun wuce a garin nan, ba wanda ya fasa cin tuwo.

Amma idon Gwaggo Hajo yana tafiya. Farar yana ta rufe ɗaya, ɗayan ma ya fara. Maman Rahila ke zura mata zare, ita kuma ta ɗinka da lalube, kuma har yanzu ta fi ni. Da na gaya mata Jos aka tura ki, ta ce, "Garin sanyi na. A shimfiɗa mata bargo."

Na ce ai kin sayi na kanti.

Ta ce, "Ban tambaye ki abin da tas sayo ba. In kuna son hannuna ciki, ku yi shi bana. Baɗi ban sani ba."

Ita ta ciro zanen kakarki daga ƙasan kwallarta, wanda take ɓoyo tun rabon kaya, ni ban ma san yana wajenta ba. Ranar da kika shiga Yauri gyaran waya muka shimfiɗa. Zanen kakarki a ƙasa, wanda zai taɓa jiki, don ya fi laushi. Sai tsohuwar shaddar babanki da na farke, sai atamfata mai ganye wadda na goya ki da ita. Na saman Maman Rahila ta kawo, ankon wani bikin cocinsu ne, ta ce ya fi namu haske, kuma gaskiyarta.

Na yi ta ɗauko basillar in miƙa miki kafin ki tafi ina mayarwa. Kina ta haɗa kaya, kina amsa waya, kina nuna wa babanki hanyar Jos a taswira, amma ba wannan ya hana ni ba. Da na ce ki zauna za ki zauna, ke ba mai musu ba ce. Za ki yi layin don na ce, ina tsaye a kanki, kuma na san kaina. Kafin ki yi nisa bakina ya ce ba haka ba. Ko na danne shi, za ki ji yadda nake numfashi. Shi ya sa na ga gara ki yi shi can, inda idona ba ya kaiwa.

Ki shimfiɗa shi a ƙasa mai tsabta, ba kan katifa ba. Ki ninka ki ga tsakiya, ki buɗe. Hannun hagu a ƙasa. Ki fara daga inda kika ga dama ki nufi inda kika ga dama, ko tsawon tafin hannu ne ya isa. Kada ki ja zaren tam, ki duba abin da babban yatsan kakarki yake yi a guntun nan, kin fi ni sanin wurin. Kada kuma ki je neman bidiyon mutanen wata ƙasa don ki koyi mai kyau tukuna. Na san halinki, za ki share kwanaki kina bincike ki zo ki fi mu iyawa, ba kuwa shi ake nema ba. In kin gama ki naɗe ki kai tasha, ki nemi motar da za ta zo Yauri, ki kira babanki ya je ya karɓa. In ya iso kafin a gama yankan shinkafa, za mu gama shi ya koma miki sanyin bai wuce ba.

In kuma ba ki so, ba dole, da gaske nake. Ki bar shi a ƙasan jaka ki dawo da shi in kin gama, ba zan tambaye ki ba, Gwaggo Hajo kuma ni na san abin da zan gaya mata. Zan ji ciwo, ba zan ɓoye miki ba, amma ba zan riƙe ki da shi ba. Abu ɗaya dai, ba zan yi layin a madadinki ba. Wannan na yi sau ɗaya, ya ishe ni. In ba ki yi ba, haka zai zauna a naɗe. In kuwa ya dawo da jan zarenki a ciki, duk inda ya karkata can za mu bi, mu ukun.

Ki kula da sallarki. Ki ci abinci mai zafi, ba biskit da lemo ba. Ki riƙa kiran babanki, shi ba zai kira ba, amma tun yanzu ya fara zama a kan tudun nan na bakin ruwa inda waya ta fi kamawa, wai iska yake sha.

Allah ya kiyaye ki daga sharrin hanya da na mutane, ya rufa miki asiri a baƙon wuri, ya sa albarka a abin da za ki koyar da abin da za ki koyo. Allah ya dawo mana da ke lafiya, ya kuma bar wa Gwaggo Hajo sauran idonta har ta ga abin da za ki aiko. Amin.

Innarki.

Na manta ban faɗa ba. Rezar na ba Maman Rahila ta ajiye a ɗakinta, na kuma ce ko na roƙe ta kada ta ba ni.